Maganar Sabon Kuɗi Ta Hargitsa Mana Adashi

Zuwa ga Mai Girma Depite, wakilin yankinmu a majalisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ranka ya daɗe. Sunana Hajiya Ramatu, atamfa nake sayarwa, kuma ni ce uwar adashin matan layinmu a nan Zangon Kwatano.

Ka tuna ranar sunan jikan Alhaji Mamman mai manyan motoci? An miƙa maka abin magana don ka sa wa jariri albarka, sai ka zarce. Ka ce 'yancin ƙasar nan bai cika ba sai ranar da muka bar kuɗin sefa muka buga namu, kuma za a ciwo bashi daga waje a tsayar da ƙasa da ƙafarta. Muka tafa, har da ni, har guɗa aka yi. Ka ci shinkafarka ka shiga mota, mu aka bari da maganar.

Na ɗaya. Kafin mako ya zagayo adashinmu ya hargitse, ga shi muna shirin fara sabon zagaye. Da yawa cikin matan daga Najeriya suka zo, sun ga yadda naira ta narke a hannunsu, shi ya sa ma suke ajiya da sefa. Da jin za a canja kuɗi, kowa ta ce ita za ta fara kwasa. Lissafinsu mai sauƙi ne: wadda ta kwasa da wuri ta ɗauki kuɗi mai nauyi, ta ƙarshe kuwa takardu za ta tattara. Baraka mai kifi, ita ma 'yar adashin ce, ta taso tun daga unguwar Akpakpa a kan zemijan, babur ɗin haya, ko zama ba ta yi ba, ta ce in sa ta gaba ko ta fita. Mata biyu na unguwar Vedoko da ke zubi tare da mu sun daina ɗaukar wayata.

Na biyu. A al'adarmu uwar adashi ita ke da kwasar farko. Na bar tawa na koma ta ƙarshe, don su ga ni ban tsorata ba, su zauna. Ranka ya daɗe, wallahi a tsorace nake. Kwasar nan ta aikin idon maigidana ce, Malam Sani. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi, ya ajiye tuƙin da ya yi duk rayuwarsa. Likita ya ce kada mu bari bana ta wuce. Yanzu kwasata ta koma can bayan babbar salla, in ma adashin ya kai. Na kasa zama a shago, in buɗe, in rufe, in hau babur in je lallashin wata.

Na uku, shi bashin. A wurinmu duk wadda ta kwasa tana nan tana zubi har zagaye ya ƙare, kuma mun san ƙofar gidanta. Ku da za ku kwaso na waje, wa zai yi zubin? Da wane kuɗi, sabon namu ko na masu bashin? In sabon ya yi rauni, harajin patanti za a ƙara mana a shaguna, ko jikokinmu za a bar wa? Kuma a lokacin kana ina?

Kada ka ɗauka ina ƙin 'yanci. A Zangon nan aka binne cibiyata, kuma kakana ya yi rawa ranar da Bature ya tafi. Amma haushi nake ji, an jefo mana magana mai girma haka tsakanin shinkafa da lemo.

Roƙona ka dawo Zango, ba ranar suna ba. Ka tsaya a layinmu ka faɗa mana ko an yanke shawarar, ko kuwa daɗin taro ne ya kwashe ka. In an yanke, yaushe ne, kuma yaya za a yi da ajiyar talaka? In ba a yanke ba, ka faɗa da bakinka Baraka ta ji, don ni ta daina yarda da maganata.

Malam ya ce in gaishe ka. Ya ce ko wace kala sabuwar takardar za ta zo da ita shi bai damu ba, in dai zai gan ta da idonsa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon faɗin gaskiya, Ya bar maka ganinka har tsufa.

Wassalam.

Hajiya Ramatu mai atamfa,
Zango, Kwatano.