Rular Kifi da Koren Akwati

Port Lincoln, 4 ga Yuni

'Yata Tamsin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya sanyin Adelaide, ya aikin shago? Ki gaida babanki, ki ce masa yayarsa tana nan da rai, tunda shi bai san hanyar tambaya ba.

Kwamfutar kawunki Stipe ta mutu. Guguwar ranar Asabar ta ɗauke wuta, da aka dawo da ita na danna, na sake dannawa, ko tari ba ta yi ba. Shi ya sa kika ga takarda, kin san kunnena ba ya shiri da waya.

Ina so ki zaɓo mini sababbin kayan cikin kwamfutar, tunda sana'arki ce. Sharaɗina biyu. Ba za a canza akwatin ba, koren nan da ya shafa wa ragowar fentin kwale-kwalensa. Na biyu kuma, tsibirinmu na wasan kwamfuta yana ciki. Shekara goma sha ɗaya muna wasan nan ni da shi, yana kamun kifi ina noman kabewa, har muka gina gida da gadar katako. Gidan da nake ciki na haya ne, wancan kaɗai muka gina da hannunmu. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma tsoro nake ji kada in rasa tsibirin shi ma.

Taki,
Gwaggo Glenys

Adelaide, 9 ga Yuni

Gwaggo,

Na samu saƙonki, Baba ya ce yana amsawa, wai ke ma ba gwanar tambaya ba ce.

Ki kwantar da hankalinki. Tsibirin ba a cikin abin da ya ƙone yake ba, yana kan faifan ajiya, wani ƙarfe mai kamar ɗan littafi da ke cikin keji a gaban akwatin. Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Kada dai ki taɓa shi.

Na zaɓo miki ƙwaƙwalwa matsakaiciya, noman kabewa ba ya bukatar ta 'yan gasa. Na haɗa da babban allon da komai ke hawa kansa, da na'urar raba wuta mai kyau, don ita nake zargi da kashe tsohuwar. Fanka biyu marasa ƙara. Ba fitilu masu launi, na san za ki ce na mayar miki da ɗaki gidan rawa.

Saura katin hoto, shi ne zai fito miki da teku kamar ki sa ƙafa. Wanda nake so tsawonsa santimita talatin da biyu ne. Ki buɗe gefen akwatin ki auna mini daga baya zuwa bakin kejin. Ki auna sau biyu, Gwaggo, ba da ido ba.

'Yarki,
Tamsin

Port Lincoln, 13 ga Yuni

Tamsin,

Gaisuwa. Talatin da uku cif. Na auna sau uku don kada ki raina ni. Ina auna kifi tun babanki yana yawo ba wando. Aiko da katinki.

Gwaggo

Port Lincoln, 24 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki, na kuma gode. Kaya sun iso a bas, da zanenki na yadda ake jera su. Maƙwabcina Warwick, tsohon makanikin jiragen kamun kifi, ya zo muka haɗa. Komai ya zauna kamar don shi aka yi wurin, sai katin hoton nan naki. Ya ƙi shiga. Hancinsa yana dukan kejin da faifan yake ciki.

Warwick ya leƙa ya ce, "Glenys, wannan ai ba matsala ba ce. Minti biyu da injin yankan ƙarfe, in ɗan gutsure kejin."

Na ce, "Kai komai ka gani yankawa. Da matarka ta ƙi shiga mota ita ma gutsure ta ka yi?"

Ya ce, "Ita na canza motar ne."

Ya ce zai zo da injin ranar Lahadi mai zuwa. Ni dai raina bai kwanta ba, amma ban ga wata hanya ba. Ko dai ke ce kika aiko da kati mai ƙiba?

Gwaggonki

Adelaide, 27 ga Yuni

Gwaggo,

Na kira ki sau tara. Na kira Warwick na faɗa masa, amma ga shi a rubuce, ki manna a jikin akwatin: kada injin nan ya kusanci kejin. Girgizarsa da garin ƙarfe za su kashe faifan, kuma babu tsibirin a ko'ina sai a kansa.

Ki sa Warwick ya kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da faifan a hankali, ki naɗe faifan a tawul, ki aiko mini shi a bas tare da katin.

Tambaya ɗaya, ba da raini ba. Da me kika auna?

Tamsin

Port Lincoln, 2 ga Yuli

'Yata Tamsin,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ga faifan, na naɗe shi a rigar sanyin kawunki, tawul bai yi mini ba.

Kin tambayi abin da na auna da shi. Da zaren kamun kifi na auna, sannan na ɗora zaren a kan rular ledar da ke manne a murfin kular kifin Stipe, wadda yake gwada kifi da ita kafin ya san na ci ne ko na mayarwa ruwa. Ita na yarda da ita duk shekarun nan. Warwick ya kawo tef ɗin awonsa na ƙarfe muka jera su. Rana ta ƙanƙance rular, Tamsin. Talatin da ukunta talatin da ɗaya da rabi ne a wurin sauran mutane.

Warwick ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. "Wato duk manyan kifayen da ya dame mu da su a kulob..." Na ce ya rufe mini baki, amma ni ma dariyar ta ƙwace mini. Shekara da shekaru ina soya masa 'yan yaran kifi yana bugun ƙirji. Rabon da in yi dariya a kan mutumin nan tun kafin a kai shi asibiti.

Laifina ne, ba naki ba. Ki duba mini tsibirin, don Allah.

Gwaggo

Adelaide, 8 ga Yuli

Gwaggona,

Yana nan. Faifan ya tsufa, yana ta ƙorafi, amma ya ba ni komai. Na kwafe tsibirin wuri uku: sabon faifan da ke cikin wannan kwali, wani a aljihun teburina, wani a wajen Baba. Ban shiga ba, ba gidana ba ne.

Na canza katin da gajere, santimita ashirin da huɗu, ko da rular Kawu zai shiga. Bai kai wancan ƙarfi ba, amma ya ishi teku da kabewa.

Gwaggo, faifai yana ƙirga awannin da ya yi yana juyawa. Na duba. Ko dai na yi kuskure, ko kuma ba ki kashe kwamfutar nan ba tun da Kawu ya tafi. Ba sai kin amsa ba. So nake kawai ki sani, yanzu ko an kashe ta ba abin da zai ɓace.

'Yarki,
Tamsin

Port Lincoln, 14 ga Yuli

'Yata,

Ba ki yi kuskure ba. Ranar da za mu asibiti ya tashi daga kujera ya ce, "Bar ta a kunne, yanzu zan dawo." Sai na bar ta.

Katin ya shiga. Mutuminsa na cikin wasan yana zaune a bakin gada da sandar kamun kifi, daidai inda ya bar shi. Kabewata ta bushe, na shuka wata, na je na zauna kusa da shi.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Jiya da yamma na yi masa sai da safe, na kashe ta da hannuna. Yau na kunna, yana nan.

Ki zo ki ci kifi. Da tef ɗin Warwick zan auna.

Gwaggonki,
Glenys