Ni Na Nuna Musu Kwarin Kaka

Litinin, 4 ga Fabrairu
Ban faɗa wa kowa ba: ni na kai su. Bara da Madam Abono ta zo zana taswira da na'urarta, ni kaɗai ke jin Faransanci a zangonmu na ƙabilar Baka, mutanen kurmi. Ta ce, "Nuna mini inda kuke samun abinci, ƙanwata, a rubuta naku ne." Na kai ta a ɓoye har kwarin da Kaka ke haƙar doyar daji. Yau an shafa wa itatuwan bakin kwarin jan fenti. Ya zama gandun gwamnati, wai saboda gwaggon biri.

Laraba, 6 ga Fabrairu
Masu gadin gandun sun tare mu a kwarin. Sun karya dagin Kaka, ɗaya ya mari Inna. Ya ce, "Daji ne wannan, ba gonar kowa ba." Kaka ta ce, "Ɗan nan, duk doyar da na haƙa sai na mayar da kan doyar rami na rufe don ta sake tsirowa. Uwata ma haka. Birin naku ne ya dasa?" Ni ya kamata in fassara. Sai na ɓuya a bayan Inna. Tir da ni.

Asabar, 9 ga Fabrairu
Rogo, kullum rogon da ake biyanmu da shi a ƙwadago. Kaka ta ture kwanon.

Talata, 12 ga Fabrairu
Madam ta dawo, ko kunya. Wai ba laifinta ba ne, a ofis aka ce rufaffen rami ba shuka ba ce. Yanzu itatuwan zuma take so in nuna mata, wai wannan karon za a saurare mu, kuma za ta sa ni sakandare a garin Yokaduma. Ina son makarantar nan ƙwarai. Kawu Ndobo ya ce, "Na'ura dai ba ta da ƙafa, wani ya ja ta kwarin. Ko ba haka ba, 'yar boko?" Na sunkuyar da kai.

Juma'a, 15 ga Fabrairu
Na ce wa Madam ban san hanyar zuma ba. Ta juya ta shiga mota. Sakandare ta tafi ke nan.

Jibi Kaka za ta koma kwarin ta cikin rafi, inda ba a barin sawu. Idonta ya yi rauni, duwatsun da santsi. Ba ta kira ni ba. Na dai ce wa Inna ta nemi mai ɗebo mata ruwa jibi, ni Kaka zan bi.