Ƙwayar Safe da Gwajin Hanta

Yayata,

Ina gaishe ki da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi?

Barcin nan da ke sace ni a aji ashe ciwo ne, ba lalaci ba. Likita ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ranar farko na saurari lacca har ƙarshe ido biyu, na fito ina hawaye.

Sai dai maganin yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake ɗibar jinina duk sati biyu. Gwaji uku, lafiya lau. Abinci ne kawai ba ya shiga sosai. Kada ki gaya wa Inna, ni zan gaya mata.

Likitar ta ce, "Idonki ya yi rawaya, ki daina sha, ki zo." Kullum sai na duba madubi. Har yau fari tas. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.