Madubin da Ya Ƙaryata Lissafina

São Paulo, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Valdomiro,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a Caruaru. Yaya ƙafar Mama? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na ji Jussara ta fara tafiya, Allah Ya raya mana ita. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san shekara biyu ke nan ina fama da lissafin madubin nan a kwamfuta. Injinmu yana hura iskar gas har zafinta ya wuce misali, kuma ta wannan ɗan madubin ƙarfe kaɗai na'urorinmu ke hango abin da ke gudana a ciki. Zafin yana cin fuskarsa, ƙurar da ke ɓantarowa daga bangon injin kuma tana sauka a kansa. Aikina in faɗi wanne zai rinjayi wani. Lissafina ya ce madubin zai ɗan zaizaye amma zai fito fes. Ranar Litinin waccan aka buɗe injin bayan wata huɗu, sai ga madubin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Baba Genival, tsohon makanikinmu, ya ɗaga shi sama yana dariya, wai in zo in yi kwalliya in gani. Ban yi dariya ba.

Sati guda ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Har na ce wa Baba Genival shi ya karkata madubin wajen ɗaurawa. Bai yi fushi ba, ya buɗe littafinsa ya nuna min awon da ya rubuta, ya ce in dawo in na huce. Ashe laifin nawa ne, Yaya. Na ɗauka ƙurar da zafi ya kaɗe ta tafi ke nan, alhali bango take bugawa ta dawo ta sake zama. Na kai masa kofi na ba shi haƙuri, ya ce sukarin bai ji ba.

Farfesa Ondina, wadda ke duba aikina, wai murna ma take yi. Ta ce yanzu ne na sami abin rubutawa, in gyara lissafin a sa sabon madubi a gwada. Na ce mata ga bikin cikar Mama shekara saba'in ranar São João, babban bikin garinmu na watan Yuni, na yi alkawarin zuwa tun bara. Ta ce injin ba zai samu ba sai satin bikin, in na bari sai baɗi, kuma ba digiri sai an gwada. Na fita na zauna a kan matakala na yi kuka don haushi.

To, ba zan zo ba. Sau uku ina ɗaukar waya in gaya wa Mama, ina jin ta fara lissafa masarar da za ta dafa min sai in kasa. Don Allah ka gaya mata kafin Lahadi, kada ka ƙawata maganar. Idan na kira daga baya, ta yi min faɗan da kyau, na cancanta.

Ka gaida Anti Neide, da Kawu Josafá, da yara duka.

Ƙanwarka,
Dalva