Ranar da Muka Kai Baba Lambunsa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwar da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka can, Ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna tana nan yadda ka san ta, yau ta lafa gobe ta tashi. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci da leƙen tukunya. Matar Kawu ta sauka lafiya, an samu mace. Ni kuwa ina nan ina fama da keken ɗinkina.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ba ma yin mako ba mu yi waya ba. Dalili shi ne duk sanda ka kira, Baba yana kusa, maganar da ke bakina kuwa shi ya hana a faɗa maka. Kwana tara ina juya ta a raina, na ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata biyu da suka wuce Baba ya ce yana so a zaga da shi wuraren shaƙatawar gundumarmu, waɗanda ya yi wa aiki. Ka san shekara talatin da ɗaya ya yi a cikinsu, tun yana leburan ban ruwa har ya zama shugaban masu lambu, kuma tun da ya ajiye aiki bai sake taka ko ɗaya ba. Muka yi murna, don ya daɗe ba ya son fita, mu kuma mun ɗauka tsufa ne kawai. Asabar ta farko maigidana ya ɗauke mu a mota muka je bakin tafki. Yaya, tafkin da muke tsoron zurfinsa muna yara ya janye, sai laka da robobi, kwale-kwalen haya suna kife a kan tudu fentinsu ya ɓare. Baba ya zauna a benci ya fuskanci wurin, ya ce masha Allah, ruwa ya cika bana. Na yi dariya, na ɗauka gatsensa ne da ka sani. Daga mota zuwa benci ya riƙe kafaɗata gam, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Asabar ta biyu muka je dutsen nan mai matakala, ya ƙi fitowa daga mota, ya ce yana hango komai daga nan. Duk wannan ban farga ba. A gidan Baba nake ɗinki, ina gida ɗaya da mutum rabin yini kullum, amma idona yana kan allura.

Asabar ta uku muka je babban lambun cikin gari. Dogo mai gadi, wanda suka yi aiki tare, har yanzu shi ne a ƙofa. Tun daga nesa yake ɗaga wa Baba hannu yana washe baki, Baba bai kula shi ba sai da ya yi magana, sannan ya kira sunansa da murna suka rungume juna. Muka shiga. Ka tuna layin maɗaci guda arba'in da Baba ya dasa shekarar da aka haife ka, waɗanda yake kira sa'anninka? Babu ko ɗaya. An sare su bara. Ɓangare ɗaya an zuba siminti an yi wurin ajiye motoci, ɗaya ɓangaren kututture ne a jere, an shafa musu farin fenti, mutane na zaune a kai suna danna waya. Dogo yana ta girgiza mini kai a bayan Baba, ni kuma na rasa ta inda zan fara ba Baba haƙuri. Sai Baba ya tsaya, ya ɗaga kai sama, ya ce in duba yadda suka girma, rassansu har sun haɗe. Babu komai a saman nan sai rana da wayar lantarki.

Na ɗaga hannu a hankali na gifta ta gaban fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Allah Ya yafe mini, na ce masa ƙwarai sun girma. Sai ya ce yana so ya taɓa na uku daga ƙofa, wanda ka taɓa zana sunanka a jikinsa da ƙusa har ka sha dukan da ba ka manta ba. Ya saki kafaɗata, ya ƙirga takunsa da kansa, ya miƙa hannu daidai ƙirjinsa. Hannun ya wuce cikin iska, gwiwarsa ta bugi kututturen, da Dogo bai tare shi ba da ya kifa. Ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan.

Da ya buɗe baki, cewa ya yi tun daga ƙofa ya ji a jikinsa, don rana tana dukan kansa a inda shekara talatin ba ta taɓa samunsa ba, kuma bai ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Ya ce ya yi ta fatan sassabe kawai aka yi wa rassan. Sannan ya juyo wajena ya ce na yi masa ƙarya ya yi mini ƙarya, mun tashi kunnen doki. Ya tambayi Dogo ko kututturan suna tofo. Dogo ya ce sun yi ta tofowa da damina, sai aka zo aka zuba musu baƙin mai don kada su ɗaga simintin. Yana faɗa yana share hawaye da hularsa. Baba ya ce in kai shi gida.

A gida Inna ta fasa ƙwai. Fiye da shekara ke nan ganinsa yana tafiya, ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ita take ajiye masa takalmi da buta da carbi a wuri ɗaya kullum, ita take raɗa masa sunan baƙo kafin ya ƙaraso. Hotunan yaran da kake turowa, ita take kwatanta masa su, wane ya yi tsawo, wance ta sa jar riga, shi kuma ya yaba maka a waya kamar ya gani. Ta ce dalilinsa ɗaya, kada ka bar aikinka saboda shi, kuma ba ya son a riƙa yi masa sannu. Don Allah kada ka ga laifinta. Na ga yadda ta rame, ashe ita kaɗai take ɗauke da wannan kaya.

Da ƙyar muka kai shi asibiti. Likitar ido ta ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya mutu, na dama kuwa saura ɗan kaɗan a gefe, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ta ce da an zo da wuri da magana ta canza. Aiki ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma zai iya riƙe wanda ya rage, in an yi shi ba da jimawa ba. Ta ba mu ashirin ga watan gobe. Baba ya ce ba za a yi ba, wai abin da yake son gani an sare shi, idon na mene ne. Maganin ɗigawa ma sai Inna ta yi da gaske yake yarda. Tun daga ranar da muka je lambun bai sake ba furanninsa na tsakar gida ruwa ba, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba. Auta ce take zuba musu. Abinci sai ya ci loma uku ya ture kwano. Kawu ya yi masa magana, maigidana ya yi, ni na yi har da kuka, duk ya ce mun gode.

Yaya, babban wa uba ne, kuma kai kaɗai yake jin kunyar musa wa. Ba waya nake roƙonka ba, don in ka kira zai yi maka dariya ya ce ƙalau yake, ya kuma san na tona shi. Ka nemi hutu ko na mako ɗaya ne ka zo da kanka kafin ranar aikin idon. Na san nisa, na san halin aikinku, ban kuma taɓa ce maka ka zo ba sai yau. Jiya da safe ina gyara masa ɗaki ya tambaye ni ko ka fara furfura. Na ce ta fito maka a gefen kai. Sai ya ce shi da baƙin gashi ya san ka. Ɗan ganin da ya rage masa yana isa ya gane fuska guda, in an kawo ta kusa da shi a bakin taga da hantsi. Na gwada da tawa, ya gane ni, har ya ce na tsufa. Ka kawo masa taka tun yana iyawa.

Ka gaishe mini da uwargida da kyau, ka ce ina gode mata da haƙurin da za ta yi. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da takwarar Inna da ɗan autanku. Inna tana sa maka albarka, ita kaɗai ta san na rubuto. Kawu da Gwaggo da Auta da maigidana duk suna gaisuwa. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya ba Baba sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka,
Mai ɗinki