Na Zaɓi Garinku, Yaya

Jos, Talata, ƙarfe goma da kwata na safe.

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan? Mama na gaishe ki.

Yanzu na fito daga shagon intanet a Titin Bauchi. Bizar aikin ƙasar da kike zaune ta fito, amma a ofishin lauyoyin garinku kaɗai zan iya aiki da ita. Na zaɓe shi ne don in zauna kusa da ke, na ƙi gurbin da aka ba ni a wata jiha. Sai yau na karanta cewa jiharku ba ta barin mai digirin Najeriya ya rubuta jarrabawar zama lauya. Jihar da na ƙi ce take bari.

Ban san ko ana sauya ofis ba. Ban san ko wancan gurbin yana nan ba. Ban san yadda zan gaya wa Mama ba, ta riga ta ƙulla miki acca.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hauwa