Ƙwayar Farfaɗiyar da Kuka Yanke wa Maiɗakina

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Binciken Ƙwaƙwalwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni malamin allo ne a wani ƙauye na ƙasar Buji. Na ji ka a rediyo kana alfahari cewa rubuce-rubucenku a kan farfaɗiya sun zaga duniya, masana na ta kafa hujja da su. Madalla. Ga abin da ba ka faɗa ba.

Na ɗaya. Kafin zuwan shari'a ma'aikatanku suka zo garinmu, kowa ya ɓoye mara lafiyarsa, don a nan ba a tallar farfaɗiya. Sai suka biyo ta wurina. Ni na miƙe bayan sallar Juma'a na ce a amince, kuma don kada a ce na tura mutane na noƙe, na fara kawo maiɗakina Hauwa. Aka tsefe mata kai a gaban maza, aka manna mata wayoyi. Na haɗiye.

Na biyu. Kun ba ta ƙwaya a ƙullin takarda, babu suna, faɗuwa ta tsaya. Har ta koma girki, abin da ta daɗe da haƙura da shi. Da kuka cika takardunku sai kuka ɗauke ƙafa, ko sallama babu. Ba wanda ya ce mana yanke ƙwayar farat ɗaya haɗari ne. Tana tuƙa tuwo ciwon ya buga ta a kan murhu. Yatsun hannunta na dama sun manne, yanzu ko ɗankwali sai an ɗaura mata.

Na uku. A asibiti a Dutse likita ya tambayi sunan maganin da sakamakon gwajin, na ce ba a faɗa mana ba. Maganin da ya ba ta bai karɓe ta ba, tana faɗuwa har yau. Na rubuto muku, shiru.

A karatunmu, wanda ya ɗauki ilimi yana ambaton inda ya ɗauko, yana kuma ziyara. Ku a kan Hauwa kuka ɗauka. Wannan abu yana ci mini rai, ranka ya daɗe.

Ba na neman a sa sunanta a littafi. Ku aiko da sunan ƙwayar da sakamakonta, kafin ta sake faɗawa wuta.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya tsare iyalinka daga wannan ciwo. Hauwa ta ce in gaishe ku. Ita har yanzu cewa take ƙila motarku ce ta lalace.

Wassalam.

Malam Sabo